Gangaren Baba Makulli

Wajen la'asar ne, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar ledoji tana yawo da su a harabar ofishin ƙaramar hukuma. Mu kuwa yanzun nan muka gama zuba kankare, ko cokalin ginina ban wanke ba. Ga ɗanyen siminti kwance yana sheƙi, ga ruwa yana shirin sauka a kansa. Duk wanda ya taɓa gini ya san abin da ruwan sama ke yi wa ɗanyen aiki: ya wanke simintin, ya bar maka tsakuwa tana yi maka dariya.

"Kai, Sannu-sannu!" Baba Makulli ne ya ƙwala mini kira daga tsallaken titi. "Yau dai ajiye sunan nan ka yi gudu. Zo ka kwance tamfol ɗin nan!"

Tamfol ɗin da yake nufi shi ne rufin rumfarsa. Na tsallaka, na ce, "Baba, kai fa? Kayan aikinka fa?"

"Makulli ba ya narkewa, ni kuma ba gishiri ba ne. Kwance!"

Na kwance. Ni da maigidanmu, wato babban maginin da ke riƙe da aikin, muka ja tamfol muka shimfiɗa, muka danne gefe da gefe da bulo. Ɗigon farko ya same mu muna ɗora bulo na ƙarshe. Da na waiwaya sai na hango Baba a kan kekensa na guragu a gindin bishiya, ya rungume akwatin magagarinsa, ruwa na zuba ta bakin hularsa, yana ta dariya. Dariyar ce ta juye ta zama tari, tarin kuma ya ƙi tsayawa.

Na je na kama keken ta baya, ina jiran ya buge mini hannu kamar kullum, don tunda na san shi bai taɓa yarda a tura shi ba. Ranar bai buge ba. Haka na tura shi har gida a cikin ruwa. A nan na gane ciwon da matarsa Gwaggo take ta faɗa ba na wasa ba ne.

Bari in koma baya kaɗan. Ni ba na iya labari da sauri, kamar yadda ba na iya komai da sauri, shi ya sa ma aka laƙaba mini sunan.

Gidan haya ɗaya muke da Baba Makulli. Bango ɗaya ya raba ɗakinmu, ni da Ummata, da ɗakinsu shi da matarsa Gwaggo. Bangon siriri ne, in ya yi atishawa Umma ce ke amsa masa. Tun yana yaro shan inna ya taɓa masa ƙafafu, amma daga ƙugu zuwa sama ƙato ne, damtsensa kamar cinyar wani. Sana'arsa yankan makulli da gyaran kwaɗo. Rumfarsa tana kallon ofishin ƙaramar hukuma, kuma kusan duk makullin da ke buɗe ƙofa a ginin nan ta hannunsa ya biyo. Masinja ke kawowa, masinja ke mayarwa. Ginin a kan tudu yake, matakalarsa doguwa ce. Akwai wani abu da aka manna mata a gefe shekarun baya, wai hanyar keken guragu, amma a miƙe yake kamar tsani. Yara ne kawai ke morarsa, suna zamiya a kan kwali.

Ana nan sai hukumar ta buɗe wani ɗan ofis na sauraron koken waɗanda ake nuna wa bambanci, ko wajen ɗaukar aiki, ko rabon rumfar kasuwa, ko layin asibiti. Aka ɗora wata mata a kai, 'yar siririya mai tabarau. Ba ta magana biyu ba ta ce "a yi daidai" ba, saboda haka kafin wata ya zagayo duk unguwa Malama Daidai ake ce mata.

Wata rana ina zaune a bencin Baba, don lokacin ba ni da aiki, sai ga ta ta sauko da kanta da makulli a hannu.

"Baba, sannu da aiki. Makullin ofishina ya ƙi. Sai na yi kokawa da shi safe da yamma."

Ya karɓa, ya ɗaga shi sama ya duba. "Na ƙarshen baranda ne? Wannan na yanka shi ya fi a ƙirga. Duk wanda aka sa a ɗakin nan sai ya aiko mini da shi. Ƙofar ce ke da aljanu."

"To ka zo ka duba mana ita mana."

Baba ya dubi tayoyin kekensa, ya dubi matakala, sannan ya dube ta. Ya ce, "Da fiffike?"

Na zaci za ta yi dariya ta wuce, ko ta ji haushi. Sai na ga ta cire tabarau, ta daɗe tana kallon matakalar nan kamar ranar aka gina ta. Sannan ta ce mini, "Ɗan matsa, samari." Ta zauna a bencin nan mai ƙura, ta ce, "Baba, ka taɓa shiga?"

"Sau ɗaya. Ƙarti biyu suka ɗauke ni kamar buhun gawayi, ɗaya yana cewa, kai, tsohon nan akwai nauyi. Suka dire ni a ƙasa a bakin zaure, don keken yana nan waje. Ranar nan, da gwiwoyin mutane na yi magana. Tun daga nan na ce na yafe. Wanda ya ɗauke ka, Malama, shi ke zaɓar inda zai ajiye ka."

"Ni kuma ina can sama ina jiran masu koke," in ji ta a hankali, "ina cewa unguwar nan ba ta da matsala."

Bayan 'yan makonni aka yi taro, ba a cikin ofis ba, a gindin bishiyar Baba. Aka fito da kujeru. Masu sanda suka zo, makafi suka zo, da wata kurma da 'yarta ke yi mata bayani da hannu, da tsofaffin da gwiwa ta hana hawa. Wani babba daga ofis ya tashi yana ta cewa "masu buƙata ta musamman", sai Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni gurgu ne, kuma buƙatata ba ta musamman ba ce. Ƙofa ce, irin wadda ka fito ta ciki yanzu." Aka kwashe da dariya, har shi babban.

A wurin aka yanke abu biyu. Na farko, za a rushe tsanin nan a yi gangare na gaskiya, mai tsawo, da wurin hutu a tsakiya da ƙarfen riƙo. Kuma ba za a karɓi aikin ba sai mai keke ya hau da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Na biyu, leburorin aikin daga unguwa za a ɗauka, ba tambayar ɗan wane ne kai, ko daga ina iyayenka suka zo, ko wace takarda gare ka. Ta wannan ƙofa na shiga, ni da ko firamare ban ƙarasa ba. Kwanakin farko maigidanmu ya sha cewa, "Wannan yaron, kafin ya kawo kwano ɗaya siminti ya haifi jikoki." Da ya ga yadda nake gyara fuskar kankare sai ya karɓe kwanon ya ba ni cokali. Ya ce shafe ba ya son mai gaggawa.

Kowa ya san wanda zai hau gangaren. Ba a ma yi shawara ba.

To, kankaren da muka rufe da tamfol ranar hadarin nan rabin farko ne, daga ƙasa zuwa wurin hutu. Saura rabin sama, saura ƙarfen riƙo. Sai damina ta ce ga ni nan. Motar yashi ta maƙale a hanya, mai walda ya kwanta zazzaɓi, duk ranar da muka shirya zubi sai gari ya haɗe rai. Shi kuma Baba bai ƙara fitowa rumfa ba. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashinsa ya koma guntu-guntu. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya ba da magani, ya ja Gwaggo gefe ya yi mata maganar da ta dawo gida ba ta faɗa wa kowa ba sai Umma.

Kullum in na taso aiki sai na leƙa. Yana jingine da filo, tagar a buɗe, akwatin kayan aikinsa a gefen katifa.

"Sannu-sannu, ya bushe?"

"Baba, ba a ma zuba na sama ba."

"Kai dai an yi maka suna daidai da kai."

Da aka zuba na sama, tambayar ba ta canja ba. Na yi masa bayani cewa siminti ba bushewa ake so ya yi ba, ruwa yake sha yana ƙarfi. Sai an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ana ba shi ruwa safe da yamma kamar shuka. Ya ce, "Ka ji shi, ni zai koya wa haƙuri."

Wata safiya Gwaggo ta tare ni a bakin famfo ina cika jarka. Ta rage murya.

"Ɗan nan, don Allah ba za ku kwashe buhunan nan ba? Ko gobe ya je ya hau abinsa. Ni ina ganin mutumin nan yadda yake raguwa."

A rayuwata ban taɓa jin ina son abu ya yi sauri ba sai ranar. Na je na sami maigidanmu. Ya danna gefen kankaren da babban yatsa, ya girgiza kai. Ya ce ko an kwashe buhu, ba ƙarfen riƙo, kuma in aka huda ɗanyen kankare don kafa ƙarfe, baki-bakin zai farfashe kafin shekara. Na dawo ban san me zan ce wa Gwaggo ba. Ashe Baba ya ji komai ta taga.

"Zo nan," in ji shi. "Kada ka kuskura ka yi mini aikin gaggawa. Aikin gaggawa ne ya haifi tsanin da kuka rushe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In na riske shi, to. In ban riske shi ba, ai ba ni kaɗai ne gurgu a garin nan ba."

Gwaggo ta ce, "Kai dai bakinka ba ya ciwo."

"Shi kaɗai ya rage, Gwaggon yara. Bar ni in more shi."

Malama Daidai ma ta zo dubiya. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta zauna a tabarma. Bayan gaisuwa sai ta yi ta kewaye-kewaye, har dai ta fito da abin da ya kawo ta. Ta ce akwai wani saurayi mai keke a bayan kasuwa, ko shi zai yi gwajin, shi kuma Baba a kai shi a mota ya gani.

"Na san shi," in ji Baba. "Yaron nan ko bango kika nuna masa zai hau. In ya hau, me kika gane? Kin gane yana da damtse." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ni kuwa yanzu fanko ne. In fanko ya hau, kowa zai hau. Ba za ki sami ma'auni kamata ba, Malama, kuma ba zan daɗe a kasuwa ba."

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce, "To, a yi daidai."

Haka na ci gaba da ba kankare ruwa. Da ma tun ranar zubi, kafin ya kama, na bi fuskarsa da tsintsiya a kwance, layi-layi, don taya ta sami abin kamawa. Mai walda ya warke ya zo ya kafa ƙarfe. Kullum da asuba kafin in fita sai in tsaya jikin bango in saurara. In na ji tari, sai in ɗauki jarkata da sauƙin zuciya.

Ranar da aka sa, gari ya waye tas, ba ko gajimare. Gwaggo ta sa masa rigarsa mai ruwan toka, ta gyara masa hula. Ya ce a ɗora masa akwatin aiki a cinya. Ta ce, "Nauyi za ka ƙara wa kanka?" Ya ce, "Aiki aka kira ni, ba yawon buɗe ido ba." Ni na tura shi har gindin gangaren. Mutane sun taru, ba wanda ya gayyace su: masu shaguna, 'yan ofis, waɗanda suka zo taron gindin bishiya, da yaran da muka rushe wa wurin zamiya.

Ya ce, "Sake ni."

Na saki. Malama ta ce in bi bayansa amma kada in taɓa sai in keken ya juyo. Na bi, hannuwana a buɗe, tsakanina da keken bai fi taki ba.

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama tayoyi. Turawar farko keken ya hau kamar ba komai, har wani ya fara tafi. Baba ya ce, "Ajiye tafinka, ba rawa nake ba." Ya ci gaba. Tura, numfashi. Tura, numfashi. Ina kallon bayan wuyansa, gumi yana gangarowa cikin riga. Damtsen nan da na sani ya zube, fata ce ke rawa a kan ƙashi. Kafin ya kai wurin hutu sai da turawar ta koma ɗan kaɗan-kaɗan, kamar mai matsar da tukunya a kan murhu. Amma ya kai. Keken ya daidaita a shimfiɗaɗɗen wuri, ya saki tayoyi, kansa ya faɗi a ƙirji.

Ina jin numfashinsa yana fita da ƙara. Masinjan ofis, wanda ya yi shekaru yana kai masa makullai, ya sauko da gudu ya miƙa hannu.

"Kada wanda ya taɓa shi," in ji Malama.

"Haba Malama, ba ki ganin halin da yake ciki?"

Ta durƙusa a gaban keken har idonta ya yi daidai da nasa. "Baba, kai ne mai cewa. In ka ce a tura, a tura, ba abin kunya. In ka ce a bari, a bari."

Ya daɗe bai ɗago ba. Gwaggo tana ƙasa ta toshe baki da gefen mayafi. Can sai ya ɗaga kai, ya dubi masinja.

"Kai, shekara nawa kana hawa kana sauka da makullaina, ka taɓa jin na ce zan taya ka? Matsa mini." Ya waiwayo gare ni. "Wurin hutun nan wa ya shafe shi?"

"Ni ne, Baba."

"Ya yi daɗin zama. Saura kaɗan in yi barci."

Ya sake kama tayoyi. Rabin saman nan, wallahi ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ya koma kama ƙarfen riƙo da hannu ɗaya yana ja, ɗayan yana tura taya. Sau ɗaya hannunsa ya zame, keken ya yi baya kaɗan, yatsuna har sun ji sanyin ƙarfen keken. Sai taya ta cije a layin tsintsiya ta tsaya. Ban taɓa ba. Ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Na ji numfashinka a ƙeyata. Ja baya."

Da tayoyin gaba suka hau baranda ba wanda ya yi tafi, kowa ya manta. Wata tsohuwa mai sanda ce kawai ta ce, "Alhamdu lillahi," ta kama ƙarfen ta fara hawowa a bayansa, ba ta jira an ce an buɗe ba.

Aka kawo masa ruwa ya sha. Babban ofis ya matso zai yi jawabi, Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, ina da aiki. Ina ƙofar nan mai aljanu?"

Ya tura kansa a barandar, a hankali, yana duban ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Kowace ya wuce sai ya shafa kubarta kamar mai gaisawa da ɗan'uwan da ya daɗe yana jin labarinsa. A ta ƙarshe ya tsaya. Malama ta ba shi makulli. Ya zura, ya murɗa, ya ƙi. Ya cire ya duba, ya sake zurawa. Sannan ya ja baya kaɗan, ya kalli ƙofar daga sama har ƙasa, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Sannu-sannu, sa ƙafarka a ƙarƙashin ƙyauren nan ka ɗan ɗaga."

Na ɗaga. Ya murɗa makulli da yatsa biyu, ya buɗe, ƙyas.

"Kun gani? Ƙyauren ne ya sunkuya, ƙusoshin sama sun saki. Shekara da shekaru ina zaune a can ƙasa ina gurzar makulli, ina zagin makulli, ina zargin hannuna, ashe bawan Allah ba shi da laifi." Ya share ido da bayan hannu. "Gani ya kori ji."

Ya buɗe akwati ya ba ni sukundireba, don shi ba zai kai sama ba. Yana faɗa ina ɗaurewa. Da muka gama ya sa Malama ta kulle ta buɗe, ta kulle ta buɗe, har ta fara dariya ita ma. Sannan ya shiga ofishin, ya tura kansa zuwa taga. Daga nan ana hango titi, da bishiya, da teburinsa da benci, da sandunan rumfa tsirara don har lokacin ba mu mayar da tamfol ba.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe haka kuke ganina daga nan. Ɗan mitsitsi."

Malama ta ce, "Da ma ba ma dubawa, Baba."

"To yanzu kya riƙa dubawa. Akwai mai gyaran takalmi can gefen kwata, shi ma yana da magana, kunya ce ta yi masa yawa."

Da za mu sauka ya ce mini, "Hawa nawa ne, sauka taka ce. Riƙe da kyau, kada ka zubar da ni a gaban mutane bayan na yi suna."

Bai ƙara fita ba. Kwanakin da suka biyo baya ya yi su cikin barci da 'yar hira. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin ƙofar, ba labarin hawan ba. Wata asuba na tsaya jikin bango kamar yadda na saba, ko da yake ba sauran kankaren da zan ba ruwa. Ban ji tari ba. Na ji motsin Gwaggo, na ji ta buɗe ƙofa, ta zo ta ƙwanƙwasa tamu a hankali. Umma ta buɗe, suka dubi juna, Umma ta rungume ta. Kafin rana ta take mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Malama ta zo gaisuwa ita da masinja. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta zauna kusa da Gwaggo har yamma, ta taya ta miƙa wa baƙi ruwa. Da za ta tafi ta ce mini hukuma za ta yi irin gangaren a asibitin unguwa da makarantar firamare, kuma maigidanmu ya ce ba zai je ba sai da mai tsintsiyarsa. Gwaggo kuwa ta ba ni akwatin aikin, ta ce ita ba ta san abin da za ta yi da magagari ba. Ni ma ban sani ba tukuna, amma yana nan a ƙarƙashin gadona.

Bayan an kwana biyu, wata safiya zan wuce aikin asibitin, hanya ta biyo da ni ta gaban ofishin. An yi ruwa da dare, gangaren ya wanku, layukan tsintsiya sun fito sarai. Sai na ga wani ya kafe babur ɗinsa a gicciye, daidai bakin hawa, ya shige ciki abinsa. Can nesa kuma ga wata budurwa a keken guragu tana tahowa, ta maƙale waya a kafaɗa, tana faɗa da wani a kan ya cika makara.

Na ajiye cokalina, na kama babur ɗin na ɗaga shi daga kan tsayuwarsa. Kan a kulle yake, sai da na yi ta jan gindin kaɗan-kaɗan har na kai shi jikin katanga. Ina gamawa ta iso. Ba ta dube ni ba, ba ta ma san an yi wani abu ba. Ta juya keken ta kama hawa, tana cewa a waya, "Ni dai ga ni na iso, kai ne ba ka da alƙawari." A wurin hutu ta ɗan tsaya ta gyara mayafi, sannan ta wuce.

Wata 'yar tsakuwa ce ruwa ya gangaro da ita tsakiyar hanya. Na sunkuya na ɗauke ta, na jefa a aljihu, na ɗauki cokalina. Ina tsallaka titi na ji wani a bayana yana cewa, "Kai, wa ya taɓa mini babur?"